Makau da Jan Rubutun Ƙasan Saƙo

Ku matso kusa ku ji labarin Makau na ƙauyen Kanyar Maje. Gidansa ɗaki biyu ne da rumbu, da akuya ɗaya mai taurin kai, da matarsa Lantana wadda duk garin suka sallama mata a haƙuri. Makau ba rago ba ne, ba ya ƙarya, ba ya mantuwa. Abu ɗaya ne kawai: yadda magana ta fito daga bakinka, haka zai aikata ta, ba ragi ba ƙari. Lantana ta taɓa ce masa ya sa ido a kan tukunyar miya za ta leƙa maƙwabta. Ta dawo ta tarar miya ta ƙone ƙurmus, shi kuwa yana durƙushe gaban murhu, hayaƙi ya sa shi hawaye. Ya ce, "Duk a kan idona aka yi, Lantana. Ko ƙiftawa ban yi ba." Tun daga ranar ta koyi auna magana kafin ta furta.

Kawunsa Malam Barmo shi ne sakataren ƙungiyar manoman zoɓo ta garin, shi ya ɗauke shi aikin shara da aike a ofis. Ofishin ɗaki guda ne, da tebur, da kwamfuta ƴar ƙarama wadda ake naɗewa kamar littafi. A shekarar zoɓo ya yi kyau har ya cika sito, amma mai saye bai zo ba, ga damina na matsowa, ga rufin sito na yoyo. Sai aka yi musu hanyar wata Hajiya Uwani a Kano, mai sayen zoɓo tana fitarwa waje. Ta ce a turo mata hoton kayan ta imel ta gani tukuna.

Wata rana Malam Barmo ya gama rubuta saƙon ke nan aka kira azahar. Ya miƙe yana naɗe hannun riga, ya ce, "Saura a liƙa hoto kawai." Ya fita. Makau ya dubi bango, ga hoton zoɓon ƙungiya da aka wanko an rataye. Ya sauko da shi, ya jiƙa ƙaro, ya shafe bayansa, ya manna shi a fuskar kwamfuta daidai kan rubutun, ya danne da tafin hannu. Da kawun ya dawo, Makau ya tarye shi da murna. "Ya liƙu, Kawu. Ko iska ba za ta ɗaga shi ba." Sai da suka kai la'asar suna goga da tsumma da ruwan ɗumi. Duk da haka Malam Barmo yakan ce bai taɓa ganin liƙi mai tsafta irin wannan ba, ko kusurwa ɗaya ba ta tashi ba.

Aka liƙa hoton yadda ake liƙawa, saƙo ya tafi. Shiru, shiru. Malam Barmo ya gaji ya buga waya. Hajiya ta ce saƙo ya iso, amma ba ta buɗe hoton ba, don akwai wani jan rubutu a ƙasa da ya tsorata ta. Malam Barmo ya duba, ga shi kuwa da Turanci. Ashe wanda ya haɗa musu imel ɗin ne ya saita shi, duk saƙon da ya fita da hoto sai gargaɗin ya bi shi da kansa. Ya fassara da ƙarfi, Makau na jingine da tsintsiya yana ji: "Hattara. An liƙa wani abu a saƙon nan, yana iya ɗauke da ƙwayar cuta. Kada ka buɗe sai ka san wanda ya aiko."

Wata rana da safe Malam Barmo ya shigo ya ga tebur wayam. Ashe Makau ya naɗe kwamfuta a zanen Lantana, ya rungume ta, ya tafi asibitin garin, ya shiga layin mata masu kawo jarirai rigakafi. Da layi ya zo kansa, malamin asibiti, Malam Sanda, ya ce, "Wa ke ba lafiya?"

"Ita ce. Ƙwayar cuta. Taɓa ka ji jikinta."

Malam Sanda ya taɓa, ya ji zafi kuwa rau, don a kunne aka naɗo ta. Matan nan suna ta ƙunshe dariya a mayafi. Shi dai ya daure fuska ya ce, "Wannan ba ta allura ba ce. A daina lulluɓe ta, a bar ta ta sha iska." Makau ya dawo ya ɗora ta kan duwatsu biyu, ya zauna da mafici yana yi mata fifita duk tsakar rana. Kwamfutar da ta saba mutuwa da kanta in rana ta take, daga nan ba ta sake ba.

Amma jan rubutu yana nan. Malam Barmo ya danna nan, ya danna can, ya goge, ya sake turawa, gargaɗi ya sake bin saƙo kamar jela. Ya kira wanda ya haɗa musu, mutumin ya ce ya yi tafiya, sai bayan salla. Ya jingina da kujera, ya cire tabarau ya ajiye, ya murza ido, ya ce, "Duk wanda ya raba ni da ganin jan rubutun nan ya gama mini komai." Da ya miƙa hannu zai ɗauki tabarau, babu. Ya laluba tebur, ya laluba aljihu, ya leƙa ƙarƙashin kujera. Makau na tsaye a bakin ƙofa, hannu a baya.

"Kawu, yanzu kana ganinsa?"

"Ganin me? Ai ba na ganin komai!"

"Alhamdu lillahi," in ji Makau.

Wata rana hadari ya haɗo daga gabas, ya yi baƙi, sannan iska ta kore shi. Matan ƙungiya suka taru a ƙofar ofis, shugabarsu Inna Kande a gaba, suna tambaya ko zoɓonsu zai ruɓe a sito ne suna kallo. Sai Makau ya ce, "Kawu, ni fa ban ga laifin rubutun nan ba. Cewa ya yi kada ta buɗe sai ta san wanda ya aiko. Ai ba ta san mu ba." Ran kawun a ɓace yake, ya daka masa tsawa: "To tashi ka je ta san ka!"

Makau ya tashi.

Washegari ya shiga motar Kano. Da yake ya ji saƙo ba ya tafiya sai da abin liƙawa, ya ɗebi zoɓo rabin buhu a sito, Lantana ta taya shi ɗaure shi a baya da igiya tamau. Ya ƙi kwancewa ko a mota, haka ya zauna a karkace har tasha. Ya yi ta tambaya daga wannan layi zuwa wancan har aka nuna masa shagon Hajiya Uwani. Ya yi sallama, ya durƙusa.

"Ranki ya daɗe, ni ne Makau daga Kanyar Maje. Na zo ki san ni."

Hajiya ta dube shi sama da ƙasa. "In san ka? Da wane dalili?"

"Don ki buɗe. Rubutun ya ce sai kin san mai aikowa. Ga kuma abin da aka liƙa." Ya juya mata baya.

Hajiya ta yi dariya har ta dafe tebur. Ta sa aka kwance buhun, ta tsoma hannu ta ɗebo. Zoɓo ja wur, busasshe, ba ƙasa ba tsakuwa. Dariyar ta tsaya. Ta murza, ta sansana, ta ce, "Duk haka yake?"

"Na ƙasa ya fi wannan, na sama na ɗebo."

Ta jawo waya ta ce, "To, na san ka. Bari in buɗe saƙon."

Makau ya ɗaga hannu. "A'a, Hajiya. Ni kika sani. Saƙon kuwa Kawu ne ya aiko, shi ba ki san shi ba tukuna."

Hajiya ta ajiye wayar. Ta daɗe tana kasuwanci, ta ga masu rantsuwa iri-iri, ba ta taɓa ganin wanda ya zo neman ciniki kuma ya hana a gajarta masa hanya ba. Ta juya ta ce wa direbanta ya fito da babbar mota, za ta je ta san Kawu.

Da yamma mutanen Kanyar Maje suka ga mota ta tsaya a ƙofar sito, Makau a gaba kusa da direba. Hajiya ta gaisa da Malam Barmo, ta shiga ta duba da idonta, ta ce a loda duka, kuma ta kama na baɗi tun yanzu. Gargaɗin nan, bayan salla mai haɗawa ya zo ya cire shi da dannawa ɗaya, amma a lokacin babu wanda ya damu da shi.

Ana ɗora buhun ƙarshe Inna Kande ta kamo hannun Makau a gaban jama'a, ta ce, "Ɗan nan, yau ka share mana hawaye."

Makau ya bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya da kallo. Ya ce, "Ni ban share wa kowa komai ba, Inna. Amma in akwai saura, ga hankici."

Mota na fita daga gari, ruwan farko ya sauko a kan sito, babu ko buhu ɗaya a ciki. Nan labarin Makau ya tsaya, kowa ya kama gabansa.