Rigar Alhaji Ta Ƙi Durƙusawa

Ba zan taɓa mantawa da falon Alhaji Garba na Bakura ba, kuma ba don kyansa ba. Shekara biyu ke nan, amma har yau in mota ta bi da ni ta kwanar garin sai in sunkuyar da kai kamar na yar da wani abu. A wannan falon na tsinka mahaifina a gaban mutane, da hannuna, ina murmushi, ina ganin taimakonsa nake yi.

Baba tela ne a Talata Mafara, manyan riguna yake ɗinkawa tun kafin a haife ni. A da in sallah ta matso ba ka samun wurin zama a shagonsa. A 'yan shekarun nan kuwa mutane sun janye ɗaya bayan ɗaya, sun koma wajen samarin telolin Gusau masu turo wa mutum hotunan ɗinki a waya ya zaɓa yana kishingiɗe. Cikin manyan da Baba yake yi wa aiki, Alhaji Garba kaɗai ya rage, wani ɗan kasuwar shinkafa, gajere mai jiki. Shekara talatin suna tare. Da wuya a tashi hira a bakin shago Baba bai ambaci rigar Alhaji ba, don ita ce shaidarsa cewa har yanzu shi tela ne da ake nema.

Ni kuma na gama difloma a fannin kwamfuta, na dawo gida ba aiki sai girman kai. Keken ɗinki ban iya ba (ina ce wa mutane ba na sha'awa ne, gaskiyar magana ban taɓa yin layi ɗaya ya fita a miƙe ba). Abin da na iya shi ne wata manhaja da na koya a intanet, wadda ake gina mutum-mutumi a cikinta, a sa masa kaya, a juya shi gaba da baya, a ɗaga masa hannu, a zaunar da shi. Ina zaune a lungun shago da tsohuwar laftof ɗina, ina kallon Baba yana fama da tef da alli, ina jin tausayinsa a raina. Ni! Wai ni nake tausayin Baba.

Wata rana direban Alhaji ya kawo shadda. Ɗan Alhaji zai yi aure a Maradun, ana son babbar riga iri ɗaya ga Alhaji da ƙanensa Malam Isa. Da direban zai tafi sai ya rage murya ya ce wa Baba 'ya'yan Alhaji sun matsa a kai aikin Gusau, wai can ana nuna wa mutum yadda rigar za ta fito kafin a yanka. Alhaji ne ya ce a fara kawowa nan tukuna. Baba ya ce ya gode, ya zauna, ya daɗe yana shafa shaddar.

Nan na ga rana ta fito mini. Na ce, "Baba, su hoton wani na sukan gwada ma mutum. Ni Alhaji da kainai zan gwada mai, sanye da rigar, tun ba ka sa almakashi ba."

Ya dube ni ya ce, "Wagga na'urar taka tana iyawa?"

Na ce har abin da ya fi haka. Da ya san ni kamar yadda ya san shadda, da ya bar maganar a nan.

Rigar na fara ginawa a jikin mutumin da ya zo tare da manhajar, wani dogo mai faffaɗan ƙirji, ciki a ɗame, wanda bai yi kama da kowa a Mafara ba. Sati guda na yi a kan aikin wuya kaɗai, aska takwas, kuma ba yabon kai ba, ya yi kyau. Daga nan na gina mutum biyu. Malam Isa bai ba ni wahala ba, dogo ne siriri, ɗan ragewa kawai na yi. Alhaji kuwa sai da na gajarta shi na faɗaɗa. Akwai wani ma'auni da ake ja tumbi ya fito. Na ja, na tuna yadda Alhaji ke fitowa daga mota, na ƙara ja, har sai da ma'aunin ya ƙure. Fuska kuma na ɗauko daga kalandar bikin 'yarsa da ke rataye a shago, na liƙa masa, yana ta murmushi. Ban tambayi kowa ba.

Saura mayar da rigar daga jikin dogon can zuwa jikin Alhaji. Manhajar tana da maɓalli na wannan aikin, sai dai tana tambaya wane irin tufa ne, ta jero maka shat, kwat, wando, siket, doguwar rigar mata. Babu babbar riga, waɗanda suka yi ta ba su san da ita ba. Na duba wadda ta fi kusa na danna doguwar rigar mata (Allah ya yafe mini). Rigar ta faɗa jikin Alhaji ta zauna ɗas.

To, a nan ne aikin gaskiya yake farawa, kuma na sani. Sai ka bi gaɓa gaɓa, gwiwa da ƙugu da kafaɗa, kana ɗaure yadin da kowace, don in jiki ya motsa tufa ta bi shi. Sannan ka gwada shi a zaune, a sunkuye, ka ga inda fata ke leƙowa ka gyara. Mai koyarwar da nake kallo sau uku ya maimaita wannan. Ni na dubi Alhaji a tsaye, hannu a buɗe, ya yi kwarjini, na ce ya isa. 'Yar ciki ma ban yi masa ba, wa zai gani? Wando kuma na bar shi a awon dogon can, tunda bakinsa kawai ke fitowa a ƙasan riga. Na nuna wa Baba, ya sa tabarau, ya matso, ya yi ta cewa "Ikon Allah." Ranar har sai da ya gaya wa mai shayi cewa karatun ɗansa bai tafi a banza ba.

Muka tafi Bakura bayan la'asar, na goya Baba a babur, ya sa rigarsa ta zuwa unguwa. Muka tarar da baƙi a falo: waliyyin amarya ne, wani dattijo daga Maradun, da mutum biyu, sun zo kan maganar shirin biki. Malam Isa na gefe. Aka gaisa, aka tambayi gida da iyali da gajiya da labarin ruwa, aka sake zagayowa. Baba ya raɗa mini cewa mu koma mu dawo gobe. Amma Alhaji ya riga ya hango jakata.

Ya ce wa Baba, "A'a Malam Shehu, ai gara da kunka iske su. Bari surukaina su ga irin telan da ni ka hulɗa da shi."

Da na tsaya a laftof ɗina da abin ya zo da sauƙi, mutum uku ne kawai za su iya leƙawa. Amma idona ya faɗa kan wata ƙatuwar talabijin da ta kusa cinye bango, na ce a ba ni izini in haɗa. Aka ba ni.

Alhaji ya bayyana a bango, fari fat cikin shadda, hula a karkace, yana murmushi. Falon ya ɗauki "Masha Allah." Na juya shi a hankali aka ga baya, na matso da aikin wuya aka ga zare ɗaya ɗaya. Na kawo Malam Isa, shi ma aka yaba. Na saci kallon Baba, na ga yana gyara zama, fuskarsa ta saki irin yadda na daɗe ban gani ba. Da na rufe a nan, da yanzu wani labarin nake ba ku.

Dattijon Maradun ne ya nuna talabijin da carbinsa ya ce, "Yaro, wanga abu shina motsi, ko hoto na kawai?"

Ba wanda ya ce in yi. Tambaya kawai aka yi, da na ce hoto ne an wuce wurin. Na ce wa dattijon, "Har gaisuwa shina yi. Bari Alhaji shi durƙusa shi gaishe ku." Aka yi dariya, Alhaji ma ya yi. Na dawo da shi bango, na zaɓi durƙuso a jerin motsin da ke cikin manhajar, na danna.

Alhaji ya durƙusa. Riga ta ƙi.

Wuyanta ya bi shi ƙasa, sauran ta tsaya a sama ƙiƙam kamar an kife rumbu. Tumbin nan da na ja har ƙarshe ya ɓullo ta tsakiyar aska takwas ɗina, tsirara, har da cibiya. Gwiwoyi biyu suka huda gaban riga suka fito waje. Wando kuwa yana nan tsaye a bayansa shi kaɗai, ba kowa a ciki.

Na yi sauri in mayar da shi tsaye, sai na danna maɓallin da ke ɓoye riga. Ta ɓace. Ga Alhaji Garba, uban ango, durƙushe a gaban surukansa daga shi sai hula da ɗan kamfan da manhajar ke sa wa kowa, yana murmushin kalanda. A daidai nan kuma laftof ta maƙale. Na danna, na danna, na buga, ko gezau.

Dattijon ya kawar da kai yana "Subhanallahi." Ɗaya daga cikin mutanensa ya kafa wa silin ido. Malam Isa ya yi ƙoƙari, na shaida ya yi, ya toshe baki da hannun riga, amma dariyar ta ƙwace ta hanci. Ni kuwa, mai difloma, ko tunanin zare wayar daga bayan talabijin bai zo mini ba. Ina tsugune ina ta danne-danne.

Baba ne ya miƙe. Ya cire babbar rigarsa ta kai, ya taka zuwa bango daga shi sai 'yar ciki, ya lulluɓe talabijin da ita, ya ja gefe da gefe har ba abin da ke leƙowa. Sannan ya juyo ya tsaya, hannu a baya.

Alhaji bai ko dube ni ba, kuma wannan ya fi mini zagi ciwo. Sai ya dubi Baba, ya ce a hankali, "Malam Shehu, shekara talatin ina tsaya maka kana auna ni. Ashe abin da kaka gani shi kaka kaiwa gida a yi hira?"

Wallahi Baba bai taɓa gaya mini awon kowa ba. Ko mahaifiyarmu ba ta san faɗin ƙugun mutum ɗaya daga bakinsa ba, jikin wanda ya tsaya masa amana ce a wurinsa. Tumbin nan ƙirƙirata ce. Na buɗe baki in faɗi haka, Baba ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Laihina na, Alhaji. A yi haƙuri." Ina ji ina gani ya ɗauka, ni kuma na bar shi ya ɗauka. Wannan ne abin da ban yafe wa kaina ba.

Na goyo Baba muka dawo Mafara. Rigar tana ninke a cinyarsa, bai mayar ba. Na so ya zage ni, ko ya mare ni a gaban mutane, in samu abin riƙewa. Bai yi ba, har yau.

Bayan kwana biyu direba ya zo karɓar shadda, za a kai wa telolin Gusau. Baba ya ninke ta da kansa, ya sa a sabuwar leda, ya raka shi har mota. Kafin sati labari ya zaga kasuwar Talata. In na wuce sai in ji daga rumfa, "Injiniya, zo ka durƙusar da mu!" Wannan da sauƙi, ni na saya. Abin da ba shi da sauƙi shi ne yadda masu zama a bakin shagon Baba suka daina kawo zancen manyan riguna in yana wurin.

Ba a aiko masa da goron gayyata ba, amma ranar ɗaurin aure ya shirya ya hau motar Maradun shi kaɗai. Na ji an ce a can bayan sahu ya tsaya, aka shafa fatiha ya juyo bai gaisa da kowa ba. Da ya dawo ya zauna a kan kekensa, ya daɗe bai taka ba. Ni ina lungu ina jiran hukunci. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Rigar ta yi kyau. Amma kahwaɗar Alhaji ta hagu ta ɗan hi ta dama sauka. Ba su lura ba. Wuni yay yi shina jan ta." Ya share ido da bayan hannu, ya zura zare.

Darasi dai na koya: in za ka yi wa mutum sutura, ka fara da inda kake zaton ba mai gani. Sai dai ni na yi karatun, Baba ne ya sha bulalar.