Ƙwaryar Kindirmo a Akwatin Lasifika

Me ya sa Malam, mijina, ya ba ni mabuɗi na biyu? Shekara ta zagayo da rasuwarsa, ina ta juya tambayar nan, ban samu amsa ba. Ni ban iya kunna rediyo ba, ban san amfanin jar waya ko baƙa ba. Amma ya ba ni, kuma abin da na yi da mabuɗin ba zan taɓa mantawa da shi ba. Mutanen Kusada ma ba su manta ba. (Jikata ce ke rubuta wannan, ni ban yi boko ba. Na ce mata in na yi kuka ta jira ni, in na yi dariya ta ci gaba.)

Malam kafinta ne a Kankia. Lokacin da arzikin fetur ya shigo, kowa na sayen rediyo, sai ya sayar da bijimin nomansa, ya sayo injin lasifika daga Kano, da rediyo mai kaset, da batirin mota, don a riƙa haya a biki da suna. 'Yan'uwansa suka ce ya haukace. Ɗakinmu kuwa ɗaya ne, ga gado, ga jeren kwanonina, ga yara masu rarrafe, ga ɓeraye masu cin waya kamar ƙuli-ƙuli. Sai ya ƙera akwatin katako mai hawa uku, ya rataye shi a bango da ƙugiyoyin ƙarfe. Batir a ƙasa, rediyo a tsakiya, inji a sama, kowane an ɗaure shi da noti don kada ya motsa. Ya huda gefe don iska, ya sa ƙyaure da kwaɗo, ya riƙe mabuɗi ɗaya, ya ba ni ɗaya. In an samu haya, sai a sauke akwatin gaba ɗaya a kai.

A saman injin ya bar fili, ya ce don ya sha iska. Ni kuwa 'yar Yashe ce, cikin shanu na tashi. Wata rana da damina, bayan ya gama jin labarai ya fita, na buɗe na sa hannu a wurin, na ji ɗumi. Na ce a raina, wannan ɗumin asara yake yi. Ga madarata ta ƙi barci saboda sanyin ruwa, ga kyanwar maƙwabta ta addabe ni. Na ɗauko ƙaramar ƙwaryata, na rufe da faifai, na tura can ciki. Haka na riƙa yi kullum dare, da safe in cire kafin ya dawo daga masallaci. Wallahi ban taɓa yin kindirmo irin na lokacin ba. Malam yana sha yana cewa, "'Yar Yashe, hannunki ya faɗa." Ni kuma in sunkuyar da kai kamar waliyiya.

Hayarsa ta farko bikin ɗiyar kawuna ce a Kusada. In abin ya yi kyau, kasuwa ta buɗe masa. In ya ƙi, bijimi ya tafi a banza, 'yan'uwa kuma sun samu abin faɗi. Ni na riga shi tafiya tare da mata don aikin girki. Cikin gaggawar kama mota na ɗauki zani, na ɗauki goyo, na bar ƙwarya a inda take.

Washegari da hantsi muna tuƙa tuwo muka ji mota ta tsaya. Muka leƙa ta saman darni. Maza huɗu na sauke akwatin a hankali kamar amarya, Malam na gaba cikin sabuwar riga. Sai na hango wani farin abu yana ɗiga daga kusurwa, ƙudaje na biye. Nan na tuna da ƙwaryata. (Wanda ya san hanyar Kankia zuwa Kusada a wancan zamani ya san irin kaɗawar da madarar nan ta sha.)

Akwai maroƙin garin, Ɗan Ladi, wanda tun da ya ji za a kawo lasifika yake cika yana batsewa, don yana ganin za a ƙwace masa sana'a. Ya dangwala yatsa ya lasa, ya ɗaga murya: "Jama'a, injin Kano ya kawo nono! A miƙo fura!"

Malam ya buɗe kwaɗo. Ƙwarya ta faɗo, ta mirgina har gaban kawuna. Da a nan aka tsaya, da na ce aljanu ne. Sai Gwaggo, wadda ba ta iya magana a hankali ba, ta ce, "La! Ai ƙwaryar ɗiyarmu ce! Ga ɗinkin da na yi mata da hannuna!"

Na saki muciya na gudu bayan rumbu. Ba kunyar kaɗai ta kai ni ba. Bijimin nan nake gani a idona.

 Malam ya kwance notin, ya fito da injin, ya goge da tsumma, ya bi lunguna da gashin kaza, ya shanya a tabarma. Biki ya tsaya cik. Ɗan Ladi na ta zagaye tabarmar yana yi wa injin kirari irin na saniya. Ni ina bayan rumbu, babu addu'ar da ban yi ba.

Bayan la'asar na ji wata ƙara, sai muryar Malam ta cika gari har gonaki: "Assalamu alaikum. Ana cigiyar mai ƙwarya. Ta zo ta amshi kayanta, inji ya ce ya ƙoshi."

Duk Kusada ta ji. Na fito ina kuka ina dariya, mata na guɗa a kaina kamar ni ce amaryar.

Da muka koma gida ya ƙara hawa na huɗu, ya shimfiɗa masa kwano don kada ya yi zuba, ya ce, "Wannan naki ne." Labari ya bazu. Daga Kafinsoli, daga Fakuwa, maza suka riƙa zuwa a ƙera musu akwatin rediyo, matansu na aiko saƙo a sa da wurin ƙwarya. Da wannan muka yi rainon yaranmu. Babban ɗanmu yana kan sana'ar har yau, sai dai shi da ƙarfe yake yi wa masu shaguna. Abin da na koya kuwa, duk abin da mace ta ɓoye cikin kayan mijinta, ranar taron danginta yake fitowa.

Na sha tambayarsa ko ya sani tun farko, sai ya yi murmushi ya ce in ƙara masa fura. Allah ya jiƙansa, ɗakin nan ya yi mini girma. Ranar da ciwo ya tsananta, maza huɗu suka shigo za su ɗauke shi zuwa mota, a kai shi asibiti a Katsina. Ya yafito ni, na durƙusa kusa da shi. Muryarsa ta yi ƙasa, amma idonsa na dariya. Ya ce:

"'Yar Yashe, kafin su ɗauke ni, duba ko kin bar ƙwarya a ciki."