Ranar da Na Rage wa Tanda Wuta

Ba zan taɓa mantawa da Alhamis ɗin da na tashi koya wa Baba Adamu aikin tanda ba, mutumin da ya fara gasa fenti tun ina yawo ba wando a Damagaram.

A wata warsha, wato ma'aikata, nake aiki a Khumra da ke gefen Jidda, inda muke yi wa ƙofofi da tagogin ƙarfe fentin gari. Ana fesa garin, a tura ƙarfen cikin tanda, zafi ya narkar da shi ya kama. Ni nawa ratayewa da saukewa ne. Tanda kuwa a hannun Baba Adamu take, wani dattijo ɗan Cadi, kuma a shekarar yana shirin komawa gida. Wanda duk ya gaje shi ya huta da dakon ƙarfe a rana (ga kujera kusa da fanka, wadda na daɗe ina yi wa kallon ƙauna). Kowa ya san ni Baba yake so a ba. Da na kama bakina, da shi ke nan.

To ban kama ba. Na ci karo da wani bidiyo a waya, wani Bature yana yi wa harsasan dalma da ya zuba da hannunsa irin fentinmu, yana cewa ba lallai sai zafi ya kai digiri ɗari biyu ba, ƙasa da haka ma yana gasuwa. Bidiyon dogo ne. Na kalli farkonsa, na ga ai na gama ganewa, na kashe. (Daga baya na koma na ƙarasa. Can gaba ne yake cewa in ka rage wuta sai ka ƙara lokaci sosai, kuma ka gwada da guduma.)

Ni ko gwafa ban mallaka ba balle bindiga, amma mai warshar, Ammu Salihu, mayen kamun kifi ne. Sai na zuba dalmar fatsa guda ashirin, masu siffar ɗan kifi, na fesa musu ja, na gasa su a ƙaramar tandar gwaji a ɗari da ashirin, minti goma cif. Suka fito suna sheƙi. Hotunan da na yi musu sun fi na ranar aurena yawa.

Baba Adamu ya gan su a hannuna, ya ce a hankali, "Ɗana, kawo in duba maka tukuna."

Na ce, "Bar shi kawai Baba, wannan sabon ilimi ne." Har da ɗan murmushi, Allah ya yafe mini.

Bayan la'asar Ammu Salihu ya shigo, ma'aikata duk suna zaune ana shan shayi. Shi haifaffen Jidda ne, Hausarsa rabi Larabci ce. Na zube masa su a tire kamar kayan lefe.

"Masha Allah. Min fen, daga ina? Kai ka yi wannan?"

A nan ya kamata in ce e, in koma in zauna. Maimakon haka sai na gyara tsayuwa na buɗe lacca. Na yi bayanin zafi, na yi bayanin dalma, na rufe da cewa shekara da shekaru ana ƙona gas a banza a warshar nan. Baba Adamu na zaune taku biyu daga inda nake, kofinsa a hannu.

Ammu Salihu ya ce, "Ɗayyib. Ya Ammu Adam, jarraba mana ɗaya."

Baba ya ɗauki guduma, ya dube ni, ya ce, "Ko a bari sai Asabar?" Ƙofa ce ya buɗe mini, amma ni da bakina na ce a gwada yanzu, kowa ya gani.

Bai ma buga da ƙarfi ba. Fentin ya tarwatse kamar ɓawon soyayyar gyaɗa, dalma ta fito tsirara. Ya ɗauki na biyu, haka. Na uku kuwa tsumma ya jiƙa da tina, ruwan tsinka fenti, ya goga sau ɗaya, tsumman ya koma ja. Babu wanda ya yi dariya, kuma wallahi da sun yi da na fi samun sauƙi. Sai ƙarar fanka da zufa tana bin bayana.

Ammu Salihu ya karkaɗe jan ɓurɓushi daga farar rigarsa, ya ce, "Da ƙofofin mutane ne fa? Halas, shi ke nan, kwashe su."

Sai Baba Adamu ya ce wa mai warshar, "Laifina ne, ya mudir. Ban nuna masa gwajin guduma ba."

Ya nuna mini. Ya nuna mini ya fi a ƙirga, kuma duk wanda ke wurin ya sani. Na zarge shi da ɓarna a gaban mai gida, shi kuma ya yi ƙarya don ya rufa mini asiri. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, har yau in na tuna sai na runtse ido.

Tandar dai wani Basudane aka ba, mutumin da bai taɓa yi wa kowa lacca ba. Ni ina nan ina rataye ƙofofi, na ƙware sosai. Abin da na koya shi ne, in dattijo ya ce ka kawo ya duba maka a gefe, ka miƙa masa da hannu biyu. In ka ƙi, dubawar dai sai an yi ta, sai dai a gaban jama'a.