Hatimin Koren Ganye

Ƙarfe goma da kwata na safe, ni da kafilina, Balaraben da ya tsaya mini a ƙasar, muna shago a unguwar Waziriyya, ma'aikacin baladiyya, wato hukumar gari, ya shigo. Ya nuna tambarin koren ganyen da ke jikin ledojina, ya ce doka ta hana cewa kaya ba sa ɓata muhalli sai da shaida.

Ni mutum ne mai tsari. Na ɗauko hatimin da na sa aka sassaƙa mini, na gwada masa yadda nake bugawa: leda tukuna, sannan sabulu, sannan maganin sauro.

Kafilina ya ce, "Halas, ya isa haka, ya Hajji, yi shiru."

Aka rufe shagon mako guda. Har yau maƙwabcina yakan kawo motarsa mai hayaƙi ya ce, "Malam, a buga mata." Don Allah, in ka biyo layinmu, kada ka taya shi dariya.