Yadda Ake Yanke Farashin Fenti Har a Rasa Motar Gado

Shekarata ashirin da shida ina yi wa gidajen mutane fenti, kuma ina ba ka tabbaci: in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, babu kwangilar da za ta ƙara wuce ka. Wayarka za ta fara ƙara tun kafin ka wanke fuska. Tsofaffin 'yan sana'a irina za mu zauna a bakin shago muna hamma, kai kuwa kana wucewa a motar ɗaukar kayan da mahaifinka ya rasu ya bar maka, tsani ɗaure a sama, gwiwar hannu a waje. Motar nan ita ta mayar da kai ɗan kwangila. Wanda ba shi da ita lebura ne mai buroshi. Ka kalle ta da kyau tun yanzu, don ita ce kuɗin wannan karatu.

Mataki na 1: Ƙirga abin da ido ke gani kawai

Mai gini ya kira ka, ya nuna maka sabon gidan haya mai ɗaki goma sha biyu. Zaro biro daga bayan kunne, yago gefen kwali. Rubuta bokitin fenti kaza, rola, buroshi, kuɗin ma'aikata uku na kwana goma. Ja layi. Ɗora ɗan wani abu a kai, ka raɗa masa suna riba. Ka gama.

Akwai masu ɓata wa kansu lokaci da wata tambaya: nawa nake kashewa a wata ko da ban taɓa bango ko ɗaya ba? Sai su jera hayar shago, man mota, katin waya, wuta, sabunta takardu, gyare-gyare, su raba jimillar a kan ayyukan watan, kowane aiki ya ɗauki kasonsa kafin a ambaci riba. Waɗannan matsorata ne. Ni ma ina cikinsu, shi ya sa ba wanda ke yi mini tafi a unguwa.

Mataki na 2: Duk abin da ka riga ka mallaka kyauta ne

Kai ka sayi motar? A'a, gado ce. To me za ka rubuta mata? Taya ai ba ta cinyewa sai in ka tsaya kallonta. Injin feshi ba ya tsufa, tsani ba ya karyewa, mai shago kuma don yana ƙaunar fuskarka ya ba ka wuri.

Lokacinka shi ne ya fi komai arha. Zuwa awon gida sau uku, yinin da ka ƙone a kasuwa kana neman launin da ya dace, awa biyun da ka yi tsaye a ƙofar mai gini ana ce maka yana wanka, duk motsa jiki ne. Kada ka kuskura ka yanka wa kanka albashi. Shugaban kamfani ba ya cin albashi, girma yake ci.

Mataki na 3: Tambayi nawa na gabanka ya ce

Wannan shi ne ƙashin bayan sana'ar. Rage murya, ka ɗan rusuna.

"Yallaɓai, nawa tsohon nan ya ce maka?"

"Miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu," in ji mai ginin.

Riƙe baki. Ja da baya taku ɗaya. "Kai! Mutane ba sa tsoron Allah. Ni dubu ɗari takwas da hamsin zan yi maka, har da share wuri."

Zai dafa kafaɗarka ya ce, "Ɗan samari, irinku muke nema." Ji daɗin wannan dafawa sosai, don ita ce ribarka.

Tsohon nan, in ka manta, ni ne. Shekara bakwai ka yi a hannuna, ni na koya maka yadda ake riƙe rola fenti bai gangaro maka hammata ba. Maganar ta iso kunnena kafin la'asar, kuma ba zan ɓoye ba, ta yi mini zafi. Amma malami ba ya fushi da ɗalibi mai hazaƙa. Mu ci gaba.

Mataki na 4: Koyi faɗin "ba komai"

"Tunda kana nan, ɗan shafa wa ƙofar gareji."

"Ba komai, yallaɓai."

A rana ta shida matar mai ginin za ta zo, ta tsaya a tsakiyar falo riƙe da jaka, ta yamutsa fuska. "Wannan ruwan madarar ya yi kama da asibiti. A mayar da shi ruwan toka."

"Ba komai, ranki ya daɗe."

Ɗaki huɗu ke nan za a sake, da zuwa kasuwa sau biyu, da kwana uku na ma'aikata. Kada ka ɗaga zancen ƙarin kuɗi. Kada kuma ka rubuta komai a takarda, rubutu rashin yarda ne.

Mataki na 5: Toshe ramin yau da kuɗin aikin gobe

Wajen kwana na goma sha biyu aljihunka zai yi fayau, ga ɗaki biyar ko shafe na farko ba a yi musu ba. Kada hankalinka ya tashi. Karɓi wani aikin a wani wuri, da farashin da ya fi wannan rugurgujewa, ka amshi kafin alƙalami, ka sayi fentin gidan farko da shi. Masana na kiran wannan faɗaɗa kasuwanci.

Matarka za ta tsare ka a bakin ƙofa kana ɗaura takalmi. "Baban yara, wai ni kam ina kuɗin ke zuwa? Kullum kana aiki, ko Lahadi ba ka zama, amma jiya ni na ba ka na mai."

Ka ce, "Suna cikin harka." In ta ce wace harka, ka duba agogo.

Mataki na 6: Ƙara sautin rediyo

Motar za ta fara wani ƙwas-ƙwas daga ƙasa. Bakanike zai buɗe gabanta, ya zaro sandar awon baƙin mai, ya murza a yatsa, ya dube ka. "Yaushe rabonka da juye? In ba a sauke injin nan satin nan ba, wallahi zai buga."

"Bari in karɓi cikon kuɗina."

Da ka ware mata ko ɗan kaɗan a kowane aiki, da yanzu kuɗin gyaran na nan a ajiye. Amma mun riga mun yarda kyauta ce. Rediyo na da maɓalli, murɗa shi. Injin zai buga da tsakar rana a kan babban titi, da bokiti takwas a baya, masu motoci suna yi maka oda suna zagin iyayenka.

Mataki na 7: Sayar, amma da fara'a

Je wurin mai ginin ka roƙi ƙari. Zai buɗe hannuwa ya ce, "Ni na yanke farashin? Kai ka faɗa da bakinka." Gaskiyarsa. Ma'aikata uku na zaune a ƙofar shagonka, mai aiki na biyu yana kira yana ambaton 'yan sanda, mai shago ya sayo sabon kwaɗo. Abu ɗaya ya rage mai daraja, shi ma a mace. Dillali zai zagaya motar, ya buga taya da ƙafa, ya yi maka tayin kuɗin tsohon ƙarfe. Ka sallama. Yau ka san farashinta, wanda ka ƙi rubutawa tun farko.

Saura gaya wa mahaifiyarka. Ba za ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi maka sauƙi. Za ta gyara mayafi, ta ce, "To. Ka dai ciro hular babanka daga aljihun gaba kafin su ja ta."

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. Ban riƙe maka biro ba, ban murɗa maka rediyo ba. Kada a aiko mini da matarka, ko bakanike, ko dattawa su ce in duba zumunci. Na duba, shekara bakwai ina dubawa.

Abu ɗaya dai. Mai ginin ya kira ni jiya in ƙarasa ɗaki biyar ɗin da ka bari, a farashina, kuma bai nemi ragi ba. Ina neman mai riƙe rola, hannunka kuwa ba shi da laifi, ni na san wannan. Ka zo ranar Litinin ƙarfe bakwai. Kada ka damu da kuɗin motar haya, na sa shi a lissafi.