Ranar da Na Yi wa Ƙasashe Biyu Dillanci

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da jinin dillanci ya motsa mini a inda bai kamata ba. Ni ɗan Djougou ne, mahaifina dillalin shanu ne a kasuwar Kolokondé, a gindinsa na tashi. Aikinsa ke nan: ya ja mai saniya gefe ya raɗa masa, "Mutumin nan ya kusa ƙarawa." Ya ja mai saye gefe ya ce, "Ya kusa sallamawa." Sai ya haɗa hannuwansu, kowa ya tafi yana murna.

To, na samu aikin gwaji a ofishin karɓar manyan baƙi a Parakou, sai ga babban taro a wani otel. Ƙasashe ƙawaye ne suka ƙulla yarjejeniyar tsaro ta haɗin gwiwa, amma majalisun biyu daga cikinsu sun ƙi amincewa, kowacce na son hedkwatar rundunar ta zauna a ƙasarta. Shugabata, Madam Rakiya, ta ja mini kunne: "Ruwa da shayi kawai ne naka. In taron nan ya tashi lafiya, an tabbatar da kai. In ka yi shirme, ka koma Djougou." (Ga shi na riga na gaya wa duk mutanen unguwarmu ta Banikanni cewa ni ɗan diflomasiyya ne.)

Kwana da kwanaki ana abu ɗaya. Ɓangare ɗaya wani Kanal ne ke jagoranta, mutum mai fuskar shanu. Ɗaya ɓangaren wani tsohon Ambasada, mai sanyin magana da taurin kai. Duk suna jin Hausa. Ina zuba shayi ina ƙunar rai, ina cewa a zuci, wallahi da Baba ne da tuni an watse.

Da aka fita shan iska na iske Kanal shi kaɗai. Na miƙa masa kofi, na sunkuya na ce, "Ranka ya daɗe, tsohon nan fa ya kusa sallamawa. Kunya ce kawai ta hana shi." Ya ɗaga gira. "Ka tabbata?" Na ce, "Haba, ranka ya daɗe!" Na zagaya wajen Ambasada na raɗa masa, "Baba, Kanal ya sauko, jira yake ku buɗe masa ƙofa." Tsoho ya yi murmushi ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana." Ni kuwa har tafiyata ta canza, ina hango hotona a jarida.

Aka koma zaure. Ambasada ya gyara zama ya yi doguwar godiya ga ƴan'uwansa da suka haƙura suka bar wa ƙasarsa hedkwata. Kanal ya ajiye alƙalami. "Mu? Ai ku kuka haƙura." Ambasada ya ce, "Wa ya faɗa muku?" "Ku wa ya faɗa muku?"

Jama'a, yatsu biyu suka tashi lokaci guda, daga gabas da yamma, suka sauka a kaina. Ina tsaye da butar shayi a hannu. Na dubi Madam Rakiya, ta rufe fuska da takarda. Na yi fatan ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi.

Kanal ya daka tsawa: "Wa ya aiko ka?" Bakina ya kufce na ce, "Ranka ya daɗe, haka ake yi a Kolokondé."

Sai Ambasada ya tambaya a hankali, "Ɗan dillali ne kai?" Na gyaɗa kai. Ai kuwa tsoho ya fashe da dariya har hularsa ta karkace. "Kanal, yau mu ne shanun!" Kanal ya cije, ya cije, ya kasa, shi ma ya ɓarke. Zaure ya ɗauka, har masu fassara a cikin akwatinsu na gilashi.

Nan take Kanal ya ce a fitar da ni, Ambasada ya ce ya goyi baya. Tun da aka fara taron, wannan ne abu na farko da suka amince da shi baki ɗaya.

Ina zaune bakin ƙofa ina tunanin motar Djougou, sai ga Madam Rakiya da la'asar, tana ƙoƙarin ɗaure fuska. Wai bayan fitata sun saki jiki, sun yarda hedkwata ta riƙa zagayawa tsakanin ƙasashen biyu, za su mayar wa majalisunsu da maganar. (Kada ku ce ni na yi, ita ma ta gargaɗe ni kada in kuskura in faɗa.) "Ambasada ya roƙa maka," in ji ta. "An tabbatar da kai. Amma daga yau wajen ajiye motoci za ka tsaya."

Na yi tsalle har da rungumar mai gadi! Can nake har gobe, cikin farin ciki. Abin da na koya shi ne, in za ka yi wa mutum biyu ƙaryar sulhu, ka fara tabbatarwa ba za a ba su makirufo ba.