An Ja Mini Mota Don Kwamfutata Ta Tsufa

Jama'a, ran Litinin na fito da kofin gahawa a hannu zan tayar da mota, domin na yi wa maƙwabciyata Doreen alkawarin kai ta wajen likitan ido. Na tarar titinmu fes, an share dusar ƙanƙara tas. An kuma haɗa da motata an share.

Gordon, wanda gidansa ke kallon nawa, ya jingina da shebur yana ta dariya. "Wendell, an ja ta! Ba ka ga sanarwar a kawar da motoci za a share titi ba?"

"Wace sanarwa? Ina allon da suke kafawa a bakin titi?"

"Kai tsoho, an daina. Yanzu a manhaja suke faɗa."

Ashe Masu Girma Iyayen Cigaba na garinmu, Allah ya ƙara musu basira, sun gano cewa allon katako ƙauyanci ne. Na koma ciki na ɗauko kwamfutar hannuna, wadda marigayiya matata Lorraine ta saya mini. Lafiyarta ƙalau. A cikinta nake kallon wasan hoki na kan ƙanƙara, a cikinta jikokina ke yi mini gwalo daga birnin Halifax. Na nemi manhajar, sai ta ce na'urata ba za ta iya ɗauka ba. Na danna sabuntawa, ta ce ai ta kai iyakarta. Ni da ita dai likita ɗaya muke gani ke nan.

Doreen ta rasa ganin likitanta, ni kuma na bi bas cikin sanyi har ofishin masu girma. Wata ma'aikaciya mai suna Priya ta tarbe ni da fara'a.

Na ce, "'Yata, saƙon a kawar da mota kawai nake so. Wane nauyi gare shi da kwamfutata za ta kasa?"

Ta ce, "Baba, ba saƙon ba ne. Manhajar tana nuna motar share ƙanƙara tana juyi kamar a gabanka take, ga kiɗa, sannan Mai Girma magajin gari ya fito ya gaishe ka. Wannan sai sabuwar na'ura mai babbar ƙwaƙwalwa."

"To a cire gaisuwar mana, na yafe."

"Ba ta ciruwa."

"To ina zan kai ƙorafi?"

"A cikin manhajar." Ta waiga hagu da dama, ta rage murya. "Tamu ta ofis ma ba ta ɗauka. Ni ma an ja motata makon jiya."

Wallahi sai na ji tausayinta ya kama ni, har na manta ni na zo da kuka.

Ina jinjina wa masu girma. Ba ƙaramin tunani ba ne a gina abin da zai sanar da tsofaffi, a kuma tabbatar tsofaffin ba za su iya buɗe shi ba. Na karɓo motata da yamma, bayan an tatse ni yadda ya kamata.

Yanzu mun samu mafita a layinmu. Ɗan Doreen ya aiko mata da sabuwar kwamfuta. Idonta bai ganin rubutun sosai, amma tana jin kiɗan. Da ya tashi sai ta fito baranda ta hau dukan tukunya da ludayi, kowa ya ruga ya kawar da motarsa. Har yau ba a sake jan ta kowa ba.

Don Allah kada wanda ya kai wa masu girma labari. Ina tsoron su ce tukunyar ma sai an sabunta ta.